Kuɗin Tallafin Unguwanni: A Bar Wa Kansila, A Ba Kwamiti, Ko A Sa Jama'a Su Zaɓa?

A yawancin ƙananan hukumomin Birtaniya akwai ɗan kason da ake warewa duk shekara domin tallafa wa ƙungiyoyin unguwanni, irin masu koya wa yara ƙwallo, da masu dafa wa tsofaffi abincin rana, da masu kula da lambun unguwa, da masu koya wa baƙi harshe. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka ajiye su kusa da abin da ake kashewa kan makarantu da kula da marasa galihu, amma su ne waɗanda talaka ya fi ganin inda suka shiga, saboda haka su ne suka fi jawo magana. Bisa al'ada a warwatse suke: wani kaso yana hannun kowane kansila ya raba a mazaɓarsa, wani yana asusun matasa, wani na muhalli, wani na wasanni, kuma kowane asusu da takardar neman tallafinsa da ranar rufewarsa. Shawarar da ke yawan tasowa ita ce a tattara su duka a asusu guda, sannan a kira mazauna yankin su kaɗa ƙuri'a kan wanda za a ba.

Abu na farko da ya kamata mai yanke shawara ya lura da shi shi ne cewa shawarwari biyu ne aka ƙulla wuri ɗaya. Haɗa kuɗi magana ce daban, miƙa wa jama'a ikon rabo kuma magana ce daban. Ana iya haɗa asusun a bar wa kwamitin ma'aikata ya tantance, ana kuma iya barin kowane kansila da kasonsa shi ya kira ƙuri'a a mazaɓarsa, kamar yadda aka fara a Amurka. Wanda ya amince da su a dunƙule ba tare da ya auna kowace ita kaɗai ba, yakan wayi gari yana kare abin da bai yi niyyar zaɓa ba.

Tsohon tsarin, na barin kuɗi a hannun kansila, yana da alherin da masu sukarsa kan manta, wato sauri. Idan rufin ɗakin taron unguwa ya fara yoyo, ko ƙungiyar yara na buƙatar kuɗin motar da za ta kai su gasa a mako mai zuwa, kansila zai iya sa hannu cikin kwanaki, alhali zagayen ƙuri'a sau ɗaya ake yinsa a shekara kuma yakan ci watanni. Haka kuma kansila yakan san 'yan ƙananan ƙungiyoyin da ba su da mai rubuta musu takarda mai daɗin karantawa. Sai dai wannan sanayyar ita ce kuma cutar tsarin. Wanda kansila ya sani shi ke samu, kuma ko da babu ko sisin kwabo da ya salwanta, zargin cewa akwai shafaffu da mai ba ya gushewa, musamman idan rabon ya zo dab da zaɓe. Ga kuma matsalar ƙanƙanta. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, hukuma tana da kansiloli 12, kowanne da fam 5,000. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya ɗaukar nauyin aikin fam 20,000, don haka shekara da shekaru kuɗin za su riƙa tafiya kan rigunan ƙwallo da kujerun roba, alhali da an tara su sun kai fam 60,000, adadin da zai iya biyan albashin ma'aikacin matasa na ɗan lokaci ko ya gyara filin wasa guda gyara na ƙwarai.

Wannan ita ce babbar hujjar haɗa asusu, kuma a ganina hujja ce mai ƙarfi ko da ba a kai ga maganar ƙuri'a ba. Ƙungiya za ta cika takarda ɗaya maimakon huɗu, ma'aikata za su ga wanda ke karɓa daga wurare biyu kan aiki guda, kuma a ƙarshen shekara za a iya buga jerin sunaye ɗaya wanda kowa zai duba. Abin da ake asara shi ne kariyar da ƙananan asusun ke bayarwa. Asusun matasa, komai ƙanƙantarsa, tabbaci ne cewa wani abu zai kai ga matasa. Da zarar ya narke cikin babban asusu, tabbacin ya tafi sai dai in an sake rubuta shi a cikin ƙa'idoji. Haka mazaɓar da ke gefen gari, wadda a da take da kasonta ko ta halin ƙaƙa, yanzu sai ta yi gogayya da tsakiyar birni.

Idan an haɗa, wa zai raba? Kwamitin ma'aikata da kansiloli yana aiki da ma'auni a rubuce: yawan masu amfana, tsananin buƙata, ko ƙungiyar na da asusun banki da tsarin kula da yara. Irin wannan kwamiti zai iya ba da kuɗi ga aikin da ba shi da farin jini amma yana da muhimmanci, kamar taimakon masu fama da shaye-shaye, ko waɗanda suka fito daga gidan yari, ko matan da suka gudo daga dukan miji waɗanda ba za su taɓa tsayawa a bainar jama'a suna neman ƙuri'a ba. Rauninsa shi ne yakan saka wa gwanintar rubutu. Manyan ƙungiyoyin da ke da ma'aikaci na musamman mai neman tallafi sun san kalmomin da kwamiti ke son gani, kuma sunayensu ne ke maimaituwa kowace shekara, yayin da jama'ar unguwa ba su ma san an yi rabon ba.

Tsarin ƙuri'ar jama'a ya samo asali ne daga birnin Porto Alegre na ƙasar Birazil a 1989, lokacin da Olívio Dutra na jam'iyyar ma'aikata ya zama magajin gari. Amma yana da kyau a san cewa abin da aka yi a can ya bambanta da rabon tallafi ga ƙungiyoyi. Kuɗin manyan ayyuka ne, na titi da ruwa da magudana, aka raba birnin yankuna 16, kuma ba yawan hannuwan da aka ɗaga kaɗai ke yanke hukunci ba, domin akwai lissafin da ke la'akari da yawan mutanen yanki da irin rashin da yake fama da shi, ta yadda unguwar da ba ta da kwalta ko famfo take samun kaso mafi tsoka. Binciken da aka yi daga baya kan garuruwan Birazil da suka rungumi tsarin ya nuna sun ƙara kashe kuɗi kan tsafta da lafiya, mutuwar jarirai kuma ta ragu. Masu kafa hujja da wannan nasara sukan tsallake batun lissafin buƙata, alhali shi ne ƙashin bayanta.

Misalin da ya fi kusa da tambayarmu yana unguwar Leith ta birnin Edinburgh a Sikotland. A 2010 aka ɗauki wani ɓangare na asusun tallafin unguwar, kimanin fam 16,000, aka ce mazauna su raba. Ƙungiyoyi sukan kafa tebura a babban ɗakin taro kamar ranar kasuwa, mutane na zagayawa suna tambaya, sannan su ba da maki, kuma har yaro ɗan shekara takwas yana da ƙuri'a. Kuɗin kaɗan ne, amma an ga wani amfani da kwamiti ba ya iya samarwa: ƙungiyar da ba ta ci ba ma takan tashi da sababbin 'yan sa kai, ƙungiyoyi biyu da ke aiki iri ɗaya a titi ɗaya ba su san juna ba sukan haɗu, mai unguwa da talakansa kuma kowa ya ga abin da ake yi da sunansa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan ma'auni na unguwa guda, inda mai ƙuri'a ya san filin da ake magana a kai kuma ya san matar da ke tsaye bayan tebur, karin maganar tana da gaskiya.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne gwamnatin Sikotland da ƙungiyar ƙananan hukumominta 32, wato COSLA, suka amince a 2017 cewa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin ƙananan hukumomi zai riƙa bi ta hannun jama'a. A 2018 birnin Dundee ya ware fam miliyan 1.2, kowace mazaɓa daga cikin takwas ta sami fam 150,000, mutane sama da 11,000 suka kaɗa ƙuri'a, daga ɗan shekara 11 zuwa sama. Abin lura a nan shi ne Dundee ta haɗa tsarin amma ta bar wa kowace mazaɓa kasonta, don haka unguwar masu hali ba ta sami damar cinye rabon unguwar talakawa ba.

A Amurka ta ɗaya ƙofar aka shigo. A Shikago kowane kansila yana da kuɗin ƙananan ayyuka na mazaɓarsa, sama da dala miliyan ɗaya a shekara, kuma a 2009 Joe Moore na mazaɓa ta 49 ya yanke shawarar miƙa nasa ga jama'a. A 2011 kansiloli huɗu na birnin New York suka bi sahu, kowanne ya ware aƙalla dala miliyan ɗaya daga kuɗin da doka ta bar masa ya sarrafa. Ba a haɗa komai ba, ƙuri'a kawai aka kira. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta buƙatar amincewar majalisa gaba ɗaya, kansila guda mai niyya ya isa ya fara. Aibinta kuma a fili yake, domin abin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya: mazaɓar da kansilanta bai ga dama ba ba ta da murya, kuma ranar da aka canza kansila magajinsa na iya naɗe tabarmar. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu zaɓe a New York suka amince a 2018 da kafa tsari na birnin gaba ɗaya.

Yanzu ga inda na fi son mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin nan ne ƙuri'a ke iya zama kashin dankali. Wanda ke zuwa kaɗa ƙuri'a ba hoton unguwa ba ne. Makarantar da ke da ɗalibai 600 za ta aika takarda gida ga iyaye, kulob ɗin ƙwallo zai tura saƙo ga magoya bayansa a WhatsApp, babbar majami'a ko masallaci za a yi sanarwa bayan ibada. Ƙungiyar da ke kula da makafi goma sha biyar ba ta da wannan runduna. A ƙasar Polan, inda dokar 2018 ta wajabta wa manyan birane ware aƙalla rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafinsu ga wannan tsari, an daɗe ana ƙorafin cewa ayyukan makarantu ne ke lashe kuɗin, har wasu birane suka sa musu iyaka. A Sikotland ma, nazarin da masana na Jami'ar Glasgow Caledonian suka yi wa gwamnati ya ja hankali kan yadda masu buƙata ta musamman da tsiraru ke iya zama 'yan kallo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma kuɗin tallafi tun asali an ƙirƙire su ne saboda waɗanda ba su da yawan kuma ba su da ƙarfin.

Wannan matsala tana da magunguna da aka gwada, kuma kusan dukkansu a cikin ƙa'idojin ƙuri'ar suke. Na farko shi ne hana mutum zaɓen abu ɗaya tak. A shekarun farko na Leith sai mai ƙuri'a ya ba kowane aiki maki kafin a karɓi takardarsa, don haka wanda ya zo domin ƙungiyar ɗansa dole ya saurari sauran, kuma makin da yake ba waɗanda ba shi da alaƙa da su ne ke bayyana ainihin ra'ayin unguwa. Daga baya, da tsarin ya sauya suna zuwa Leith Chooses, an ƙara wata ƙuri'a ta musamman domin ɗaga ayyukan da ke amfanar ƙabilu marasa rinjaye, bayan an lura ana barinsu a baya. Birnin Paris kuwa, wanda ya fara a 2014 ƙarƙashin Anne Hidalgo kuma ya ware kashi biyar cikin ɗari na kasafin manyan ayyukansa, kusan yuro miliyan 500 zuwa 2020, a 2016 ya fara keɓe yuro miliyan 30 a shekara domin unguwannin talakawa kaɗai.

Akwai kuma batun yadda ake ƙidaya, wanda mutane ke ɗauka ƙaramin abu ne. Hanyar da aka saba ita ce a jera ayyuka daga mai yawan ƙuri'a zuwa ƙasa, a yi ta biya har kuɗin su ƙare. A ce masu ƙuri'a 1,000 ne, kuɗin fam 100,000, sai mutum 600 daga gabashin gari suka haɗa kai kan ayyukansu. Da wannan ƙidaya za su kwashe komai, mutum 400 su tashi hannu rabbana. A 2023 garin Wieliczka na Polan da garin Aarau na Suwizalan sun gwada wata hanya da ake kira rabon daidai, inda ake lissafa kamar kowane mai ƙuri'a yana riƙe da kasonsa na asusun, a misalinmu fam 100, kuma kowane aiki ana biyansa ne daga kason waɗanda suka zaɓe shi. Idan mutum 600 ɗin suka cinye nasu, abin da ya saura na sauran ne. Takardar ƙuri'ar ba ta canza ba, lissafin ne kawai ya canza, kuma kwamfuta ke yinsa. Wahalarsa ita ce bayani, domin dole a iya fahimtar da dattijon da aikinsa ya fi ƙuri'a amma bai samu ba dalilin da ya sa haka.

Sai kuɗin gudanarwa, wanda ba a cika ambata ba a lokacin ɗoki. Ɗakin taro, buga takardu, tafinta, kula da shafin intanet, tabbatar da cewa mai ƙuri'a mazaunin yankin ne kuma bai yi sau biyu ba, da makonnin da ma'aikata za su ɓata suna tantance ko aikin da aka kawo halal ne a doka kuma kuɗin da aka rubuta za su isa, duk suna da farashi. Idan asusun fam 15,000 ne, kuma shirya ƙuri'ar zai ci fam 4,000, sai an yi tunani sosai ko sanayya da haɗin kan da za a samu sun kai wannan farashi. Nan ne shawarwarin biyu suke komawa su haɗu, saboda haɗa asusun ne ke sa kuɗin su kai girman da zai cancanci wahalar ƙuri'a. Su ma ƙungiyoyin suna biyan nasu farashin, domin matar da ke tafiyar da ƙungiya ita kaɗai bayan ta tashi daga aiki za ta kwashe mako uku tana yaƙin neman zaɓe kan fam 800, kuma tana iya faɗuwa a gaban maƙwabtanta.

Idan aka auna duka, ga inda ra'ayina ya karkata. Hukumar da kuɗinta ke warwatse a ƙananan asusu masu yawa ta haɗa su, wannan kusan babu jayayya. Amma kafin ta kira ƙuri'a ta raba babban asusun tsakanin mazaɓu bisa yawan jama'a da tsananin talauci, kamar yadda aka yi a Porto Alegre, domin a yi gogayya tsakanin maƙwabta, ba tsakanin unguwar masu hali da ta marasa shi ba. Ta cire wani kaso, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, ta bar wa kwamiti saboda ayyukan da ba za su iya tsayawa a kasuwar ƙuri'a ba da kuma buƙatun gaggawa na tsakiyar shekara. Ragowar ta miƙa wa jama'a, da sharaɗin kowa ya zaɓi ayyuka uku ko fiye, a sa iyakar abin da ƙungiya guda za ta iya samu, kuma a raba gasar gida biyu, ta ƙananan tallafi da ta manya. Inda asusun ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ko yankin karkara ne mai faɗi da ƙauyukansa ba su san juna ba, kwamitin da aka sa mazauna a cikinsa, ko da ta hanyar ƙuri'ar sa'a aka zaɓo su, ya fi babban taron ƙuri'a dacewa.

Mai karatu a Najeriya zai ga cewa tambayar ba baƙuwa ba ce. Kuɗin ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya tsarin kason mutum ɗaya ne, kuma tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci take bin diddiginsu saboda yawan ƙorafi. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, wanda ke nufin tambayar wa zai yanke abin da za a yi wa mazaɓa za ta ƙara nauyi a jiha kamar Kano mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Jihar Kaduna ta riga ta gwada tsarin da al'ummomi ke jera buƙatunsu bisa fifiko a miƙa wa masu tsara kasafi, wanda shawara ce ba hukunci ba. Duk wanda zai ɗauki mataki na gaba zuwa ƙuri'a mai ɗaure hukuma, sai ya warware abubuwan da Leith ba ta fuskanta ba: yadda za a tabbatar da mazaunin unguwa inda babu cikakkiyar rajistar adireshi, yadda matan da ba sa fita taron maza za su kaɗa tasu, da yadda za a yi ta a asirce, domin ɗaga hannu a gaban dagaci ko jagoran jam'iyya ba zaɓi ba ne.

Abu na ƙarshe da za a rubuta a ƙa'idoji tun kafin a buga takardar ƙuri'a shi ne ranar biya. A Porto Alegre, bayan jam'iyyar da ta kafa tsarin ta faɗi zaɓe a 2004, ayyukan da jama'a suka zaɓa amma ba a aiwatar ba suka yi ta taruwa shekara bayan shekara, har aka dakatar da tarukan a 2017. Tallafin ƙungiyoyi ya fi manyan ayyuka sauƙi ta wannan fuska, tunda babu ɗan kwangila kuma babu jiran izinin gini, tura kuɗi ne zuwa asusun banki. Hukumar da ta zaɓi ƙuri'a ta sanar da sakamako a ranar da aka ƙidaya, ta biya cikin wata guda, sannan a taron shekara mai zuwa ta ba kowace ƙungiyar da ta karɓa tebur ta nuna wa unguwa rasitai da abin da ta yi da kuɗin kafin a buɗe sabon zagaye.